Makau: Arzikin da makullinsa ke hannun wani

A shekarar 2013 gidajen cacar Makau sun tara pataka (kuɗin Makau) biliyan 360, kusan dala biliyan 45, wato wajen ninki bakwai na abin da babban titin caca na Las Vegas a Amurka ya samu a shekarar. A 2022 kuwa, waɗannan gidajen dai, da teburansu da ma'aikatansu, pataka biliyan 42 kacal suka iya haɗawa. Ba yaƙi aka yi a tsakani ba, kuma 'yan caca ba tuba suka yi ba. Abin da ya sauya shi ne hukuncin da ake yankewa a Beijing kan wanda zai tsallaka iyaka da kuma kuɗin da zai tsallaka da su.

Makau ɗan ƙaramin yanki ne a bakin tekun kudancin Sin, faɗinsa bai fi murabba'in kilomita 33 ba, mutanensa ba su cika dubu 700 ba. Turawan Fotugal sun zauna a wurin tun wajen 1557, suka miƙa shi ga Sin ranar 20 ga Disambar 1999. Shi kaɗai ne wuri a ƙasar Sin da doka ta yarda a buɗe gidan caca, kuma a kan wannan damar aka gina komai. Shekara arba'in, daga 1962 zuwa 2002, kamfanin attajiri Stanley Ho ne kaɗai ke riƙe da lasisi. Da aka buɗe ƙofa, kamfanonin Amurka irin su Sands da Wynn da MGM suka shigo, aka bunƙasa Cotai, filin da aka samar ta hanyar cike tekun da ke tsakanin tsibiran Taipa da Coloane, inda manyan otal-otal suke a yau. A 2003 Beijing ta fara barin mazauna wasu birane su je Makau a ƙashin kansu, ba sai cikin ayari ba. Zuwa 2006 Makau ta sha gaban Las Vegas.

Matsayin caca a addini sananne ne ga mai karatu, ba sai na maimaita ba. Ko an ajiye wannan a gefe an ɗauki alƙalamin lissafi zalla, akwai abin tsoro a tsarin.

Amma a faɗi gaskiya tukuna: kuɗin ya yi wa mazauna Makau rana. Gwamnati na karɓar kusan kashi 40 cikin ɗari na abin da gidajen caca suka ci, kuma wannan harajin ne ke kawo wajen kashi 80 na kuɗin shigarta. Da shi ake ba da ilimi kyauta na shekara 15, kuma tun 2008 ake raba wa mazauna tsabar kuɗi duk shekara, wanda ya kai pataka dubu 10 ga ɗan gari na dindindin da ya cancanta. An kuma tara asusun ajiya mai kauri, shi ya riƙe gwamnati lokacin korona ba tare da ta ci bashi ba. Ƙasashe da dama da suka samu kuɗin ɓagas ba su yi wannan tanadin ba.

Matsalar tana wajen mai kawo cinikin. Kusan bakwai cikin goma na baƙin da ke shiga Makau daga babban yankin Sin suke. A ƙofar iyaka da ke haɗa Makau da birnin Zhuhai, motocin gidajen caca na jere suna kwasar mutane kyauta, kai tsaye zuwa bakin tebur. Yawancinsu karta ɗaya suka zo bugawa, wadda ake kira bakara, kuma shayi ake zuba musu, ba giya ba, don abin nasu ba shaƙatawa ba ne. A lungunan da ke kewaye akwai shagunan jingina cike da agoguna da zinare, waɗanda suka daɗe suna zama hanyar kauce wa dokar Sin da ta ƙayyade kuɗin da mutum zai fita da su.

Manyan 'yan caca kuwa, a da dillalai ne ke kawo su. Dillali zai ba attajiri bashi a Makau, ya je ya karɓi biyansa a cikin Sin, inda kotu ba ta sauraron ƙarar bashin caca; yadda ake karɓar irin wannan bashin, kowa ya ƙiyasta. A shekarun ganiya, ɗakunan manyan baƙin nan ne ke kawo kusan kashi biyu cikin uku na cinikin. Da Shugaba Xi Jinping ya matsa wa masu cin hanci, jami'ai da 'yan kasuwa suka ɗauke ƙafa, ciniki ya faɗi da kashi 34 a 2015. A 2020 aka rufe iyaka saboda annoba, tattalin arzikin yankin ya zube da fiye da rabi cikin shekara guda. A Nuwambar 2021 aka kama Alvin Chau, shugaban Suncity, dillali mafi girma, aka ɗaure shi shekara 18 a Janairun 2023, harkar dillancin ta durƙushe. Sau uku cikin shekara goma, kuma babu ko ɗaya da mutanen Makau suka yanke da kansu. Zanen aro ba ya rufe katara.

Hukumomi sun san da haka. Sababbin lasisin shekara goma da suka fara aiki a Janairun 2023 sun zo da sharaɗi: kamfanoni shida sun yi alkawarin zuba sama da pataka biliyan 100 a harkokin da ba na caca ba, kamar tarukan kasuwanci da wasanni da shagulgulan kiɗa, su kuma jawo baƙi daga wajen Sin. Gwamnati na maganar magungunan gargajiya na Sin, da hada-hadar kuɗi, da fasahar zamani, musamman a tsibirin Hengqin da ke maƙwabtaka, wanda tun 2021 ake tafiyar da shi tare da lardin Guangdong.

A nan nake da ja. An ɗora aikin rage dogaro da caca a wuyan masu gidajen caca. Kamfanin da ya gina zauren kiɗa a cikin otal ɗinsa yana yi ne don wanda ya zo kallo ya ratsa ta gaban tebur. Za a rubuta kuɗin tikiti da na ɗaki da na abinci a matsayin ciniki na daban, amma ranar da aka sake tsuke iyaka, tare za su faɗi, domin baƙo ɗaya ne ke biyansu duka.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta fitowa a jadawalin haraji. Aikin raba karta an keɓe shi ga 'yan gari kaɗai, ba ya bukatar digiri, kuma albashinsa ya fi abin da ƙaramin kamfani zai iya biya. A shekarun bunƙasa matasa da yawa sun ga babu dalilin dogon karatu. Makau da ta taɓa fitar da tufafi da kayan wasan yara da ashana zuwa ƙasashen waje, yanzu mai son buɗe masana'anta zai yi takara da gidan caca a kan ma'aikaci da kuma a kan fili, a garin da hayar shago ta yi tsada saboda cacar. Injiniya da masanin haɗa magani ba a samar da su da sanarwar gwamnati. Sai an yi shekaru ana horarwa, kuma sai aikin ya biya su fiye da tebur.

Masu kare tsarin za su ce ciniki ya dawo: pataka biliyan 226 a 2024, baƙi kusan miliyan 35, kuma yanzu matsakaitan 'yan wasa ne suka fi yawa, waɗanda ribarsu ta fi tsabta tunda babu kason dillali. Gaskiya ne. Sai dai wannan farfaɗowar ita ce ke rage kuzarin gyara, domin mai karɓar kashi 40 na biliyan 226 ba ya cikin gaggawa. Duk wanda ke son sanin ko Shugaban yankin Sam Hou Fai, da ya hau a Disambar 2024, ya ci nasara, kada ya ƙirga zaurukan da aka buɗe a Cotai. Ya duba kasafin kuɗi ya ga ko kason harajin caca ya sauka daga kashi 80 a shekarar da ciniki ke tafiya daidai, kafin lasisin nan su ƙare a ƙarshen 2032.