Harajin jiha: a ƙauye ake noma shi, a birni ake yanka rasit

Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa kason ƙananan hukumomi na asusun tarayya ya riƙa shiga hannunsu kai tsaye, kowa ya zuba wa Abuja ido. Amma akwai wani kuɗin da ya fi kusa da mu, wanda ba a cika tada zancensa ba: harajin da jiha ke tarawa da kanta. Sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta wa kowace jiha ta ba ƙananan hukumominta wani kaso daga kuɗin shigarta, dokar rabon arziki kuma ta yanka kashi 10 cikin ɗari. Shiga sakatariyar Sumaila ko Doguwa ka tambayi nawa ya iso a watan jiya, ka gani ko za ka sami mai amsa maka.

A ce ma kuɗin yana fitowa, da wane mudu za a raba shi tsakanin ƙananan hukumomi 44 na Kano, ko 27 na Jigawa?

Wasu na cewa a mayar wa kowa gwargwadon abin da aka tara a wurinsa. Maganar tana da daɗin ji, sai dai akwai zalunci a cikinta. Mafi yawan harajin jiha daga albashin ma'aikata da manyan 'yan kasuwa yake fitowa, su kuwa ofisoshinsu da shagunansu suna Fagge da Nasarawa da Birni da Kewaye. Amma bi sawun kwandon tumatir guda. A Kadawa aka shuka shi, manomi ya sayi man injin ban-ruwa, ya ci bashin taki. A Kwanar Gafan aka loda shi, yaro mai littafin rasit ya karɓi nasa tun motar ba ta tashi ba. Ya isa kasuwar 'Yan Kaba a birnin Kano, dillali ya ci la'ada, mai rumfa ya ci riba, ribar ta kwana a banki a cikin gari. A takardar hukumar haraji birni ne ya kawo kuɗi, Garun Malam kuwa, ƙaramar hukumar da aka loda shi, ba ta taɓuka komai ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Haka riɗi da zoɓon Gumel da Gagarawa, haka shanun da ake lodawa a Maigatari duk Alhamis.

Rabon daidai-wa-daida ma bai fitar da mu ba. Tarauni ka kewaye ta a babur kafin shayinka ya huce, Doguwa kuwa sai ka keta dajin Falgore kafin ka kai. Kai allurar rigakafi rugar da ke bayan dutse, ko riƙe ungozoma a asibitin sha-ka-tafi da babu ruwa babu wuta, ya fi yin hakan a cikin gari tsada nesa ba kusa ba. A Auyo da Guri da Kiri Kasamma ga ambaliya duk damina, ga ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa; kwalbatin da aka gina bana, baɗi sai an sake. Wanda ya ba su daidai da wanda ruwa bai taɓa ci ba, bai yi adalci ba.

Mutanen birni ma suna da hujja, kuma ba ta wasa ba ce. Kumbotso da Ungogo suna ɗauke da jama'ar da ta fi ƙarfin makarantunsu da magudanansu, ga bola ta yi tsiri. Amma su wa ke cika unguwannin? 'Ya'yan ƙauyen nan ne da suka gaji da jiran hanya da asibiti. Duk nairar da aka hana Rogo, Kumbotso ce za ta biya ta ta wata hanyar.

Ko tarayya, da duk ƙorafin da ake yi a kanta, ba ta auna da abu guda: kashi 40 na daidaito, 30 na yawan jama'a, saura kuma na faɗin ƙasa, da buƙatun ilimi da lafiya, da ƙoƙarin tara haraji, goma-goma. Ni dai a ganina, a matakin jiha nisa da rashin ababen more rayuwa sun cancanci fiye da goma, kuma a riƙa liƙa lissafin kowane wata a allon sakatariya, da Hausa.

Lokacin da gwamnan Kano Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, talakan karkara ya yi murna don an daina tatsarsa ba tare da ya ga sakayya ba. Yau tatsar ta koma kuɗin rumfa da kuɗin lodi da harajin kayan masarufi.

Sashe na 162 ɗin nan ya ɗora tsara rabon tsakanin ƙananan hukumomi a wuyan majalisar dokokin jiha. Kano na da 'yan majalisa 40, Jigawa 30, kuma akasarinsu ƙuri'ar karkara ce ta kai su. In wakilinku ya zo ɗaurin aure ko ta'aziyya, bayan gaisuwa a ce: "Ranka ya daɗe, kashi goman nan, nawa ne namu, kuma da wane mudu aka auna?"