Hanyar Ayari a Bangon Birni

Malaminmu, wanda muke kira Mushe, ya ce kowa ya zaɓi abin da zai zana, ranar Litinin kuma ya tsaya gaban aji ya bayyana inda ya samo tunanin. Na zaɓi adon bangon wani tsohon gida a Birni, bayan fada, mai dagi a saman ƙofar zaure da zankwaye biyu, na ɗauki hotonsa da waya, na kwana biyu ina kwafa.

A cikin hoton akwai wani layi mai karkacewa wanda ya taso daga gindin indararo, ya ratsa dagin, ya sauka har dakali, kuma a kansa na ɗora bayanina gaba ɗaya. Na gyara murya na ce wannan hanyar ayari ce daga Damagaram zuwa Tarabulus a zamanin Sarki Tanimun, inda ta rabu biyu kuma nan ne Agadas. Da na ga Mushe yana gyaɗa kai sai na ƙara gishiri, na ce maginanmu sun riga Pikaso, shahararren mai zane ɗan Sifen, iya karya layi, tunda shi sai wajen 1907 ya fara leƙen sassaƙen Afirka a Faris.

Ban rufe baki ba yarinyar nan ta bencin gaba ta ɗaga hannu, ta ce: “Mushe, gidan kakana ne. Wannan tsagewa ce, ruwan daminar bara ne ya yi ta, maginin ma ya karɓi kuɗin gyara har yau bai zo ba.”

Mushe ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, sannan ya tambaye ta cikin natsuwa: “To, Agadas ɗin fa?” Ta ce nan ne ƙadangaru suke shiga. Ina tsaye riƙe da sandar nuni, bakinta yana kan Agadas ɗin daidai, na rasa yadda zan sauke ta, har mai gadi ya leƙo ta taga don jin abin da ya tayar da aji.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wani ɗan ajinmu na Zango. Butar shayi ya zana, hannunta ma a karkace, da aka tambaye shi wanda ya yi masa tasiri ya ce kawunsa ne, domin kullum yana dafa shayi. An ba shi 16 bisa 20, ni 9, alhali fensirin da ya zana butar nawa ne, kuma bai maido ba.

Na ji dai an ce maginin ya je ya duba bangon.