Yaranmu na Zamfara masu son tuƙa jirgin yaƙi, fom ɗin kurtu ba shi ne hanyar ba

Duk shekara in sojan sama suka buɗe shafin ɗaukar kurata, guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp cika suke da sanarwar, daga na 'yan unguwa har na tsofaffin ɗalibai, kuma kusan kullum sai ka ga wani ya haɗa ta da hoton matuƙi da hular kwano zaune cikin jirgin yaƙi. To wannan hoton shi ke ɓata min rai wallahi, domin fom ɗin da ake turawa da mutumin da ke cikin hoton hanyarsu ba ɗaya ba ce ko kusa. Yaro a Gusau ko Ƙaura zai ranci kuɗin kafe ya je ya cike, ya riƙa fita gudu bayan sallar asuba yana shirin tantancewa, ransa cike da cewa wata rana shi ne zai tashi da jirgi, alhali kamar mutum ne ya je tasha yana son Sakkwato ya faɗa motar Funtuwa yana cewa ai duk titi guda ne.

Ni yanzu a San Antonio nake zaune, cikin jihar Texas ta Amurka, kuma garin nan kusan na sojan sama ne. A nan barikin Lackland yake, inda duk wani kurtun sojan saman Amurka ke fara horo, sati bakwai da rabi, duk mako sai ka ga iyaye sun cika otal-otal sun zo bikin yaye 'ya'yansu. A ɗaya gefen garin kuma ga Randolph inda ake horar da malaman tuƙin jirgi, in ka bi ta wajen da rana ba ka rasa ƙananan jiragen koyo suna ta kewaye. Abin da zama a nan ya fara nuna min shi ne dokar ɗaya ce da ta gida. A sojan saman Amurka ma kurtu ba ya tuƙa jirgi. Sai hafsa, hafsan ma mai digiri, ko ya fito daga makarantarsu ta Colorado Springs, ko ya yi horon hafsoshi yana jami'a, ko ya gama digiri ya tafi Alabama a horar da shi. Wanda ya bi ta Lackland zai iya zama makanikin jirgi, ko mai loda makamai, ko mai gadin bariki, ko mai kula da na'urori, duk aiki ne mai daraja kuma babu jirgin da zai tashi in babu su, amma kujerar gaba ba tasa ba ce sai in ya koma ya yi digiri ya sake shiga gasa da wasu. Sojan ƙasansu ne kaɗai ke da wata hanya da mai takardar sakandare zai iya koyon tuƙa helikwafta, ita ma sai ɗan ƙasa, sai kuma an tace shi sosai.

To bambancin a ina yake? Shi yaron nan na Amurka ya san wannan tun kafin ya sa hannu. Namu bai sani ba, kuma waɗanda ya kamata su sanar da shi su ma ba su sani ba.

Ɗan yayata ya kira ni kwanaki, ya gama sakandare, ya ce ya cike na sojan sama. Na ce wanne daga ciki? Ya ce BMTC, wato na kurata. Na ce to me kake so ka zama? Ya ce "Kawu fayilot mana, ai an ce in ka samu ka shiga ciki komi mai sauƙi na, daga baya sai ka canza." Na ce kai yaro wa ya faɗa maka haka? Wai wani abokin yayansa da ke da ɗan uwa soja. Kun ji fa inda ilimin ke fitowa, daga wani zuwa wani zuwa wani, har ya iso kunnen yaro ya gina rayuwarsa a kai. Da na tambaye shi fiziks nawa ya ci sai ya yi shiru, can ya ce ai shi ajin adabi ya yi, domin makarantarsu malamin fiziks ya bar aiki tun suna aji huɗu ba a kawo wani ba.

Bari in faɗi hanyar yadda take a gida, domin wanda ke da ƙane ko ɗa ya ji. BMTC na ƙananan sojoji ne, masu igiya a hannu, ana horar da su a Kaduna. DSSC, wato shiga a matsayin hafsa kai tsaye, na waɗanda suka riga suka gama digiri ne ko babbar difloma, likitoci da injiniyoyi da lauyoyi da akantoci, yawanci sana'arsu ake so su zo su yi cikin kaki. Babbar hanyar zama matuƙi ita ce NDA Kaduna, makarantar horar da hafsoshin soja, wadda aka kafa a 1964, shekarar da aka kafa ita kanta rundunar sojan saman da taimakon Jamusawa. Sai ka rubuta JAMB ka zaɓe ta, ka ci jarrabawarsu ta tantancewa, ka je gaban kwamitin da ke duba lafiya da ƙarfi da kaifin ƙwaƙwalwa, kana da kiredit biyar har da Turanci da lissafi, shekarunka kuma ba su wuce iyakar da suka sa ba. In ka samu shiga ma ba an gama ba ne, sai an ware ka ɓangaren sama, a cikin 'yan saman ma sai an sake gwada wa zai iya tuƙi. Daga nan sai makarantar koyon tuƙi ta 401 a Kaduna inda ake fara koyo da ƙananan jirage irin Super Mushshak na Fakistan, wanda aka ga zai iya jet a tura shi 403 a Kano ya hau L-39, na helikwafta kuma Inugu, wasu a kai su waje. Ko Blessing Liman, mace ta farko da ta zama matuƙiya a rundunar, wadda ba ta NDA ta bi ba, sai da ta fara karatu a kwalejin jiragen sama ta Zariya, kuma a matsayin hafsa ta shiga a 2011.

Ku dubi marigayiya Tolulope Arotile ku ga tsawon tafiyar. Ta shiga NDA a 2012, ta yi digiri a lissafi, aka ba ta muƙamin hafsa a 2017, sai a 2019 aka maƙala mata fuka-fukin matuƙiyar helikwaftan yaƙi, ta farko a mata. Shekara bakwai ke nan. Amma ni abin da ya fi jan hankalina a tarihinta shi ne firamare da sakandare duk na sojan sama ta yi a Kaduna, wato yarinya ce da ta tashi tana ganin jirgi a ƙasa, tana ganin masu tuƙa shi suna sayen burodi kamar kowa, ta san mutane ne ba aljanu ba.

Wannan ganin jirgi a ƙasan shi ne ainihin abin da ya raba mu da su, ba ƙwaƙwalwa ba. Akwai wani shiri a nan da ake kira Young Eagles, tun 1992 ake yin sa, masu ƙananan jirage ne ke ɗaukar yara 'yan shekara 8 zuwa 17 su zaga da su sama kyauta. Wata Asabar na raka maƙwabcina ya kai ɗansa wani ƙaramin filin jirgi a bayan gari. Wani dattijo ne mai furfura da gajeren wando ya kama hannun yaron, kafin su hau sai da ya zaga da shi jikin jirgin gaba ɗaya, ya sa shi ya taɓa fiffike ya motsa shi sama da ƙasa, ya tsiyayi mai a 'yar kwalba ya ɗaga ta a rana ya ce duba ko akwai ruwa a ciki, ya nuna masa tayoyi, sannan ya ɗora shi a kujerar gaba ya sa masa abin kunne. Minti ashirin suka yi suka dawo. Yaron ya sauko yana rawar jiki, aka ba shi ɗan littafi aka rubuta ranar da sunan jirgin. A mota uban yake ce masa to ka ji dai abin da dattijon ya ce, in kana so sai ka gyara lissafinka. Daga shekara 12 kuma yaro zai iya shiga ƙungiyar Civil Air Patrol ya sa kaki, a koya masa fareti da yadda jirgi ke tashi.

Ni kuwa a motar nan Zamfara nake tunani. Yaron Dansadau ko Zurmi ko Shinkafi shi ma ya san jirgi fa, ya ma fi wancan sanin ƙararsa, amma daga ƙasa ya san shi, in ya ji rugugi ya san yau akwai wuta a daji, wani lokacin a yi murna wani lokacin a yi ta kansu. Tun 2018 da aka ƙaddamar da Diran Mikiya, farmakin sojan sama kan 'yan bindiga, jiragen yaƙi ke shawagi a samanmu. A 2021, bayan sace 'yan matan Jangebe, gwamnatin tarayya har hana jiragen da ba na soja ba ratsa sararin jihar ta yi. A shekarar ce aka rufe makarantu, aka katse layukan waya, a Kebbi ma aka kwashe ɗaliban Birnin Yawuri. To yaron da aka rufe masa makaranta a shekarun da ya kamata ya kama lissafi da fiziks, da me zai je ya kara da ɗan da ya tashi cikin barikin Kaduna? NDA jiha-jiha take ɗauka, Zamfara na da rabonta kamar kowa, gurbin yana nan. Amma gurbin shiga daban, kai wa ga kujerar jirgi daban, ita wannan ba ruwanta da jiharka, ko ka iya ko ba ka iya ba.

Kuma ina so mu samu namu a wannan kujerar, ba don alfahari ba. Mun ga abin da ya faru a Mutumji ta ƙaramar hukumar Maru a ƙarshen 2022, mun ga na Tungar Kara a farkon 2025, inda bam ya faɗa kan mutanen gari da 'yan sa-kai. Ba na cewa da ɗan Zamfara ne a jirgin da hakan ba ta faru ba, matuƙi da bayanan da aka ba shi yake aiki da umarnin na sama da shi, kuma daga can sama babur babur ne. Amma matuƙin yau shi ne kwamandan gobe, shi ne zai zauna a ɗakin da ake yanke shawarar a harba ko a dakata, kuma ina so a ce a ɗakin nan akwai wanda ya san ranar kasuwar kowane ƙauye, ya san yadda mutanen gari ke fitowa a kan babura su bi sawun shanunsu in an kora, ya san taron jana'iza daga taron ɓarayi, wanda zai iya cewa ranka ya daɗe a ƙara dubawa. Sadique Abubakar na Bauchi matuƙin helikwafta ne har ya riƙe rundunar daga 2015 zuwa 2021, Hassan Bala Abubakar na Kano ma ya riƙe ta daga 2023 zuwa 2025. 'Yan Arewa ne da suka zauna suka yi karatun. A sojan ƙasa mu na Zamfara da Kebbi muna da manya, Zuru kaɗai ta isa misali, amma a sama fa muna baya.

Sai kuma masu lissafin cewa bari in shiga soja su koya min tuƙi kyauta, in na iya in fice in koma kamfanin jiragen haya in riƙa kai alhazai Jidda ana biyana da dala. Na gane dalilin, kuɗin koyon tuƙi a Zariya ko Ilori miliyoyi ne da talaka ba zai iya ba. Amma don Allah a daina yaudarar kai. A Amurka matuƙin sojan sama shekara goma cur zai yi musu aiki bayan ya gama horo, kuma a gida ma babu rundunar da za ta kashe maka wannan dukiyar ta bar ka ka kama gabanka lokacin da ka ga dama. Ba kai ke zaɓar jirgin ba, ba kai ke zaɓar gari ba, yau Maiduguri gobe Makurɗi jibi Kainji inda aka ajiye Super Tucano goma sha biyu da aka karɓo daga Amurka a 2021. Kuma ana harbinsu. A watan Yulin 2021 'yan bindiga suka harbo jirgin Alpha Jet a kan iyakar Zamfara da Kaduna, matuƙin, Abayomi Dairo, ya yi tsalle da lema ya faɗa cikin daji, suna bin sa yana ɓuya har dare ya yi, da ƙyar Allah ya kai shi wurin sojoji. Aikin ke nan. Wanda ba zai iya kwana da wannan a ransa ba gara ya nemi tallafin karatu ya tafi Zariya kai tsaye.

Akwai wani abu ƙarami da ke kayar da yara da yawa a nan da can, wato ido. Ba maganar gani nesa kaɗai ba, akwai wani littafi mai ɗige-ɗige kala-kala da ake buɗe wa mutum a ce karanta lambar da ke ciki, wani lafiyarsa lau, bai taɓa sanin ba ya bambance ja da kore sosai ba sai ranar, kuma in babu wannan babu tuƙi. Gwajin bai fi minti biyar ba a wurin likitan ido. A kai yaro tun yana aji uku na ƙaramar sakandare, kafin ya zaɓi aji, kafin ya ɗora buri. Haka kuma duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai sama wa ɗanku gurbin matuƙi ɓarawo ne, ko da kaki ya zo, ba a sayar da wannan.

Muna da sansanin sojan sama na 207 a Gusau, Birnin Kebbi na da filin jirgin Sir Ahmadu Bello, ga Kainji nan kusa da Yawuri. Me zai hana gwamnatocin Zamfara da Kebbi su roƙi rundunar ta ware rana ɗaya a shekara, a kwaso ɗaliban aji uku daga Maradun da Anka da Bukkuyum da Argungu a mota, a kai su su tsaya kusa da helikwafta, matashin hafsa ya tsaya gabansu ya faɗa musu da Hausa darussan da ya ci da shekarun da ya yi. Kuɗin man bas ne da na abinci. Sai kuma malaman fiziks, a ɗauke su aiki a biya su albashin da zai zaunar da su, ko da a makaranta biyu ce a kowace ƙaramar hukuma a fara, da ɗakin gwaji mai kaya a ciki.