Ku daina tura wa masu ciwon suga bidiyon nan

Bidiyon nan da ake ta yawo da shi tun jiya, wanda mutumin nan yake cewa duk mai ciwon suga ya yanke sitaci gaba ɗaya ya koma cin abinci ɗan mitsitsi, wallahi ya ɓata min rai. Abin da ya fi ƙona min rai ma shi ne yadda na ga mutane suna cewa sun tura wa iyayensu. Daga farkon maganarsa har ƙarshe ko sau ɗaya bai ambaci magani ba. Haba jama'a!

Rage sitaci yana aiki, ban musa ba. Ka rage shinkafa da burodi da lemon kwalba, suga zai sauka. To amma maganin da ke jikinka ai bai san ka rage abinci ba. Wanda yake allurar insulin ko yake shan glibenclamide ko gliclazide, likita ya auna masa adadin ne daidai da yadda ya saba ci, kuma waɗannan ƙwayoyin suna sa jiki ya fitar da insulin ne, wato sinadarin da ke sauke suga a jini, ko ka ci ko ba ka ci ba. Abinci ya ragu magani yana nan yadda yake, ina kuke so sugan ya je? Ƙasa zai yi. Da ya sauka ƙasa da 70 a na'urar gwaji, wato 3.9 a ɗaya ma'aunin, an shiga matsala, sai rawar jiki da gumi da jiri da bugun zuciya, in ya wuce 54 zuwa ƙasa mutum na iya ruɗewa ko ya suma, kuma cikin barci ma yana faruwa lokacin da babu mai gani.

Na san za a ce ai wane ya yi kuma ya samu sauƙi. Wane magani wanen yake sha, kun tambaya? Mai shan metformin kaɗai da wuya sugansa ya faɗi haka, shi ya sa zai yi ya zauna lafiya, ku kuma ku ɗauki labarinsa ku kai wa dattijuwa mai allura safe da yamma.

Masu kafa hujja da binciken Birtaniya kuma, ku karanta shi duka mana. Binciken DiRECT da Farfesa Roy Taylor da Farfesa Mike Lean suka jagoranta, wanda ya fito a 2017, an ɗora mutane ne a kan kalori wajen 850 a rana na wata uku zuwa biyar, bayan shekara kashi 46 cikin ɗari sugansu ya daidaita ba magani. Gaskiya ne, kuma abin farin ciki ne. Amma ba a saka masu allurar insulin ba, duk masu ciwon suga nau'i na biyu ne, wanda aka fi samu a manya, da ba su wuce shekara shida da ciwon ba, sannan ma'aikatan lafiya ne suka janye musu maganin suga da na hawan jini tun ranar farko suna bin su da gwaji. Wato maganin aka fara taɓawa kafin abincin. Wannan ɓangaren shi ne mai bidiyon ya tsallake.

Akwai kuma masu shan maganin suga irin su empagliflozin ko dapagliflozin, su in suka yanke sitaci sosai jininsu na iya yin tsami har a kwantar da su, alhali na'ura tana nuna sugan bai hau ba. Mai nau'i na ɗaya kuwa, wanda jikinsa ba ya samar da insulin, kar ma wani ya ce masa ya ajiye insulin.

Don Allah in kana son ka rage, ka rage, ni ma ina goyon baya. Ka fara zuwa wurin likitanka ka ce masa ga abin da zan yi, ya gyara maka magani, ka yawaita gwaji a makonnin farko, ka riƙa yawo da ɗan suga a aljihu. In sugan jininka ya faɗi ka sha suga kamar giram 15, ka jira minti 15 ka sake gwadawa. Wanda ya riga ya suma kuwa ba a ɗura masa komai a baki, zai iya shaƙewa, a kwantar da shi ta gefe a nemi asibiti.

Af, sai kuma biskit ɗin nan da ake rubuta wa babu suga a jikin leda mutane suna ci hankali kwance. Da fulawa fa aka yi shi, kuma fulawa in ta shiga ciki suga take komawa. Ku riƙa juya ledar kuna duba yawan sitacin da aka rubuta a baya.