Mai Son Aikinsa Ma Yana Gajiya, Yallaɓai

A'a, wannan kam ba zan haɗiye ta ba. Tun shekaranjiya ake ta turo min bidiyon nan, kowa da "a saurara a ƙaru", har na gaji na buɗe. Yarinya ta yanke jiki ta faɗi a bakin aiki, an kwashe ta ranga-ranga zuwa asibiti, ta farfaɗo ta ajiye musu aikinsu, shi kuma maigidan nata abin da ya ga ya dace shi ne ya gyara zama a gaban kyamara ya shaida wa duniya cewa wanda ya san ma'anar aikinsa ba ya gajiya. Wai da ta san dalilin da ke tashinta da safe da ba ta faɗi ba. Kuma ku leƙa ƙarƙashin bidiyon ku ga masu tafi. Madalla da wannan hikima, Allah Ya ƙara basira.

Yallaɓai, da girman kujerarka, ko dai ƙarya kake yi ko ba ka san abin da kake faɗa ba. Mai son aikinsa yana gajiya. Shi ne ma ya fi kowa gajiya. Wanda ke zuwa ya sa hannu a rajista, ya ja kujera ya yi ta danna waya har a tashi, me zai kayar da shi? Ba ka taɓa jin irinsu sun faɗi a bakin aiki ba, kuma ba za ka ji ba. Wadda ke faɗuwa ita ce wadda ake kira idan wani bai zo ba, ita ke rufe ƙofa bayan kowa ya watse, ita ke ɗaga waya ƙarfe goma sha ɗaya na dare ta ce "to, ba komai, zan duba". Jakin da ba ya tutsu shi ake ƙara wa kaya, ranar da ya durƙushe kuma a ce dama ba shi da ƙwari.

Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Tun 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, ya yi rubutu a kan irin wannan gajiya da barci ba ya maganinta. A jikin su wa ya gan ta? A jikin 'yan sa-kai na wani asibitin kyauta da ke kula da masu shaye-shaye, shi kansa yana cikinsu. Mutanen da ba wanda ya tilasta musu, sun zo ne don suna ganin aikin ya cancanci a yi. In ana maganar sanin ma'anar aiki, wa zai gaya musu? Amma su ne suka riƙa karyewa, kuma abin da mutumin ya lura da shi shi ne waɗanda suka fi ba da kansu su suka fi shiga haɗari.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace abin a kundinta na rabe-raben cututtuka. Ba ta kira shi cuta ba, ta ce al'amari ne da ke tasowa daga matsin wurin aiki da ya daɗe ba a shawo kansa ba. Ta ba da alamomi uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta yi nisa da aikin har mutum ya fara jin haushinsa, sannan ƙwazo ya ragu. Ku sake karanta ta biyun nan. Zuciya ta fita daga aikin alama ce, wato abin da gajiyar ke haifarwa. Yallaɓai ya ɗauki wutsiya ya mayar da ita kai. Ba rashin ma'ana ke kawo gajiya ba, gajiyar ce ke cinye ma'anar. Sai an tatse mutum tas tukuna son aikin ke mutuwa a ransa, daga nan kuma wanda ya tatse shi ya fito yana tambayar ina son aikin ya tafi.

Na ga wannan da idona a wurin wata 'yar uwa, malamar firamare. Da, in ka buɗe littafin ɗalibinta za ka ga jan biro a gefen kowane shafi: nan ta gyara harafi, can ta zana ɗan tauraro, a ƙasa ta rubuta wa yaro "ka ƙoƙarta, gobe ka fi haka". Ta san wanda ke zuwa bai karya ba, ta san wadda ke zama a baya don ba ta ganin allo kuma tana kunyar faɗa. Sai abokiyar aikinta ta tafi, ba a kawo wata ba, aka haɗe mata aji biyu, aka ce na ɗan lokaci ne. Ɗan lokacin ya zama shekaru. Yanzu maki kawai take dangwalawa, wani lokacin ko karantawa ba ta yi. Abin da ya firgita ta, ta ce min, ran nan wani yaro ya fashe da kuka a gabanta, ta tsaya tana kallonsa, ba ta ji komai a ranta ba sai haushin ƙarar. Ta koma gida ita ma ta yi nata kukan. To wannan baiwar Allah ce za a tara a ɗakin taro a koya mata ma'anar koyarwa? Malami na biyu take buƙata, ba lacca ba.

Na san abin da za a ce, don an riga an fara faɗa. "Mu a zamaninmu mun yi wanda ya fi wannan." Sannunku da ƙoƙari. A zamaninku in an tashi daga aiki an tashi, ba wanda ke bin ku har kan gado da saƙon WhatsApp. "Yaran yanzu ba su da juriya." To. "Wasu na neman aikin ido rufe ba su samu ba, ta gode wa Allah." Ta gode, kuma godiyar Allah ba ta taɓa zama lasisin zaluntar bawansa ba. Ku wuce da waɗannan, ba su nake magana a kai ba.

Jiki ba ya sauraron lacca. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasin cewa a shekarar 2016 kaɗai, kimanin mutum 745,000 ne suka mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu nasaba da yin aikin awa 55 ko fiye a mako. Sun ce mai irin wannan aiki haɗarin shanyewar jikinsa ya ɗara na mai awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin 100, na mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17. A cikin waɗannan mamatan babu masu son aikinsu? Jijiyar jini ba ta tambayar ko kana ƙaunar sana'arka kafin ta toshe.

Kuma kar wani ya juya min magana. Ban ce ma'ana ba ta da amfani ba. Tana da shi, sosai ma, kuma wallahi ina tausayin wanda ke wayar gari yana jin aikinsa bai amfani kowa ba. Akwai binciken da Amy Wrzesniewski da Jane Dutton suka yi a kan masu shara da goge-goge a asibiti. Aiki ɗaya, albashi ɗaya, amma wasunsu na ganin shara kawai suke yi, wasu kuwa na ganin kansu cikin masu jinya: su tsaya su gaisa da majinyacin da ba mai zuwa duba shi, su lura da wanda ke cikin damuwa. Na biyun sun fi jin daɗin aikinsu. Amma ku lura, su suka nemo wa kansu wannan, ba shugaba ne ya rubuto musu a takarda ba. Kuma don su tsaya su gaisa da mara lafiya, sai da suka samu minti biyun tsayawar. Ka ninka musu ɗakunan da za su share ka ga ko gaisuwar za ta rayu.

Ga kuma ɗaya gefen da masu bidiyo ba sa so a taɓo. A 2009 wasu masana biyu, Bunderson da Thompson, sun yi nazarin masu kula da dabbobi a gidajen zu. Suka tarar waɗanda suka fi ɗaukar aikin a matsayin abin da aka halicce su dominsa su ne suka fi yarda su sadaukar da albashi da lokacinsu da jin daɗinsu, kuma hakan na buɗe ƙofar a ci da guminsu. Wannan shi ne sirrin da kowane maigida mai wayo ya sani ko bai karanta ba. In ka ji an fara "mu nan iyali ɗaya ne", "wannan ba aiki ba ne, hidima ce", ka lallaɓa aljihunka, sannan ka duba agogo. Sau da yawa maganar ma'ana na fitowa ne daidai lokacin da ya kamata a yi maganar kuɗin ƙarin lokaci.

Abin da ya fi ba ni haushi, masu tafin nan da yawansu sun san labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i. Salman ya je gidan ɗan uwansa ya tarar ya duƙufa azumi da rana, tsayuwa da dare, har matarsa ta daina kula da kanta. Ya sa shi ya ci abinci, ya sa shi ya kwanta, sai ƙarshen dare ya ce yanzu tashi mu yi salla. Ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowa haƙƙinsa. Da labari ya je wa Manzon Allah (SAW) ya ce Salman ya yi gaskiya. Jama'a, ibada ce fa wannan. Akwai aikin da ya fi ta ma'ana? Amma aka ce a yi barci. Sai rahoton ƙarshen wata ne za a ce ya fi ƙarfin hutu?

Duniya ma ta daɗe da gane wannan, da wahala ta gane. Yarjejeniyar farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar a 1919 a kan awannin aiki ce: takwas a rana, 48 a mako a masana'antu. Faransa tun 2017 ta wajabta wa manyan kamfanoni su zauna da ma'aikatansu a tsara yadda mutum zai kashe waya bayan an tashi. Japan, inda mutuwa saboda yawan aiki ta kai har gwamnati na amincewa a biya iyalai diyya, ta sa wa ƙarin lokaci iyaka a doka daga 2019. A ƙasar Sin attajirin nan Jack Ma ya taɓa kiran aikin tara na safe zuwa tara na dare, kwana shida a mako, babbar ni'ima, a 2021 kotun ƙolin ƙasar ta ce tsarin ya saɓa doka. Duk waɗannan ba su san ma'anar aiki ba, sai yallaɓai da kyamararsa.

Yanzu bari in bar shi in yi magana da ke, da kai, masu karanta wannan a ɓoye a wurin aiki. In ƙarar wayarka na sa gabanka ya faɗi, in kana isa bakin ƙofar ofis ka tsaya kana jan numfashi kafin ka shiga, in ka fara jin haushin mutanen da ka shiga aikin domin su, ba lalacewa ka yi ba, kuma ba imaninka ne ya yi rauni ba. Kaya ne suka yi yawa. Kar ka bari a sa ka zargin zuciyarka a kan laifin jadawali. Ka nemi hutunka, haƙƙinka ne, ba alfarma ba. Ka koyi cewa "ba zan iya haɗa wannan da wancan ba, wanne za a fara?" In abin ya kai ga barci ya ƙaurace ko ƙirji na bugawa, ka ga likita, kar ka tsaya jiran bidiyo na gaba.

Kuma ba dole ne aikinka ya zama abin da kake mafarki tun kana yaro ba. Wanda ke fita don ya ciyar da 'ya'yansa da halal, ya biya wa ƙanwarsa makaranta, ya sayi maganin mahaifiyarsa, ya riga ya samu ma'anar da ta ishe shi, ba ya buƙatar ya ƙaunaci kamfanin kowa. Wani ma'anarsa na cikin aikin, wani tana jiransa a gida. In aikin ya hana ka ganin waɗanda kake yi dominsu, kullum ka fita suna barci ka dawo suna barci, to me ya rage? Mai son aikinsa yana gajiya, na faɗa na ƙara. Don yana son sa ɗin ne ma ya kamata a rage masa, ko ya kai baɗi yana yi.

Af, tunda ma an zo maganar waya: ku masu turo saƙon murya na minti bakwai a zauren ofis da tsakar dare, me muka yi muku? Mutum ya buɗe yana zaton gobara ce, sai ya ji minti biyun farko gaisuwa ce, na uku tari, na huɗu ana yi wa yaro tsawa ya rufe ƙofa, sai can a ƙarshe a ce taron gobe an mayar da shi ƙarfe goma. Layi ɗaya ne fa wannan a rubuce. Sai kuma ƙannensu, masu rubuto "Salam" su yi shiru, sai ka amsa sannan su ɓace awa uku. Ku faɗi abin da ya kawo ku mana. Ni dai daga yau duk saƙon muryar da ya wuce minti ɗaya sai na ninka saurinsa, in muryarka ta koma kamar ta ɗan tsako kai ka jawo.