Yaron da ya fara sanin Allah ta hanyar wuta

Jiya 'yar ƙanwata mai shekara 5 ta kifar da kofin kunu a tabarma. Kafin kowa ya ce uffan ta ɗago ido ta tambaye ni: "Kawu, Allah zai ƙona ni?" Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. A kan kunu fa!

Mu muka koya mata. Yaro ya yi ƙarya, wuta. Ya ƙi zuwa Islamiyya, wuta. Ya faɗi jarabawa, "daƙiƙi, ba ka da amfani". Yabo kuwa sai ranar da ya zo na ɗaya ko ya yi sauka. Ga alkunya ta ɗora nata: uwa ba ta ko kiran sunan ɗan fari, balle ta ce tana son sa.

A Amurka da Ingila akwai littattafan yara masu hotuna birjik da aka gina kan magana ɗaya, cewa darajarka ba ta rataya a kan abin da ka iya ba. Na Kirista sukan ɗauko labarin ɓatacciyar tunkiya ko ɗan da ya ɓarnatar da gadonsa uban ya rungume shi, daga littafin Luka na Baibul, sura ta 15. Musulmin can ma suna buga nasu, wasu da zanen mutane ba fuska.

Ba na cewa a kwaso su a juye mana da Hausa. "Allah yana son ka ko me ka yi" magana ce da malamanmu za su tsaya a kanta, don Alƙur'ani ya ambaci waɗanda Allah yake so: masu kyautatawa, masu tuba, masu haƙuri. Amma shi ne kuma ya ce rahamarsa ta yalwaci komai, a A'araf aya ta 156, ya ce ya karrama 'yan Adam, a Isra'i aya ta 70. Karamcin nan bai jira sakamakon jarabawa ba.

Kuma labaran muna da su. Annabi (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama. Ya sumbaci Hasan, Akra'u ɗan Habis ya ce 'ya'yansa 10 bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai Annabi ya ce wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. A mayar da su littattafan yara: a zana tabarma, buta da inuwar darbejiya, ba sai an zana Annabi ko sahabi ba, a sa jimla biyu a shafi, uba ya ɗora yaro a cinya ya karanta masa bayan isha'i.

Wani zai ce shagwaɓa ce. A'a, a hukunta laifin, amma kar a ce wa yaron shi ne laifin.

Ita dai 'yar tawa na ce mata a'a, ta ɗauko tsumma mu goge tare. Tana gogewa tana satar kallona.