Gidan Tarihin Jos Na Ɗan Gangare Ne, A Biya Masa Kuɗin Mota

Bayan ƙaramar Sallah na ɗauki kawuna da jikokinsa uku zuwa gidan zu. Yaran ne suka matsa, shi kuma ya biyo mu don kada a bar shi shi kaɗai a gida. Da muka gama da birai da kadoji, sai na ce mu ɗan leƙa ɓangaren gidan tarihin Jos da aka gina kwafin tsofaffin gine-ginen gargajiya, tunda ga shi nan kusa. Kawu tsohon magini ne, ya yi aikin laka tun kafin bulo ya kori tubali. Muna isa kwafin Masallacin Juma'a na Zariya ya tsaya cak. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon bakan gizon da ke riƙe da rufin, sannan ya dafa bango da tafin hannunsa kamar mai gaisawa da tsohon aboki.

"Kai ɗana, ashe akwai wannan a garin nan?" in ji shi.

Na ce, "Kawu, ai ya daɗe a nan."

Sai ya kira yaran ya shiga nuna musu yadda ake jera azara, tana ɗan zarce ta ƙasa da ita kaɗan-kaɗan har gefe biyu su haɗu a sama, da yadda ake kwaɓa makuba a shafe bango don kada ruwa ya ci shi. Ƙaramar cikinsu ta tambaye shi, "Kaka, kai ma ka iya?" Bai ba ta amsa ba, idonsa ne ya cika da ƙwalla.

Mutumin nan ya haura shekara hamsin a unguwar Gangare da ke cikin Jos. Daga ƙofar gidansa zuwa inda muke tsaye, tafiyar da ɗan Keke zai yi cikin 'yan mintuna ce. Bai taɓa shiga ba, domin a tunaninsa wurin na Turawa ne da manyan ma'aikata. Tun ranar nake tambayar kaina: idan kuɗin gwamnati ne ke riƙe da gidan tarihi, wa ake riƙe wa shi?

Gidan adana kayan tarihi na Jos ba ƙaramin wuri ba ne. An buɗe shi a 1952 a hannun Bernard Fagg, Baturen Ingila mai binciken kayan tarihi, kuma shi ne na biyu a ƙasar nan bayan na Esie da aka buɗe a 1945. Dalilin kafuwarsa ma daga ramin kuza ya fito. A 1928 aka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu a wurin haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok. A 1943 aka kawo wa Fagg wani kan daga yankin Jama'a, wanda wani ma'aikacin kuza ya kafa a gonarsa ta doya don tsorata ɓarna. Daga nan duniya ta san cewa sama da shekara dubu biyu da suka wuce, akwai mutane a tsakiyar ƙasar nan da suka gwanance a aikin yumɓu kuma suna narka ƙarfe. Hannun lebura ne ya fara taɓa waɗannan kayayyaki, cikin taɓo, kafin su shiga gilashi. Jikokin leburorin nan su ne ke zaune yau a Gangare da Dilimi da Bukuru da ƙauyukan da kududdufan kuza suka cinye wa gonaki.

Su kuwa gine-ginen da suka sa Kawu hawaye, wani masanin zanen gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ne ya tsara su a shekarun 1970, bayan ya zagaya ƙasar nan yana auna gidaje da fadoji da masallatai. Akwai kwafin ganuwar Kano a ciki. Asalin masallacin na Zariya kuma, Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi wajen shekarun 1830, kuma an riga an sauya fasalinsa na waje da ginin zamani. Ke nan mai son ganin yadda magina Hausawa suka yi rufi mai faɗi ba ƙarfe ba siminti, Jos na cikin 'yan wuraren da suka rage masa.

Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar soja mai lamba 77 ta 1979 ta kafa, ita ke da alhakin wannan gida da 'yan uwansa irin su Gidan Makama na Kano da na Kaduna. Kuɗinta daga kasafin tarayya yake fitowa. Wanda ya san aikin gwamnati ya san yadda rabon yake kasancewa: albashi ya kwashe kaso mai tsoka, abin da ya rage na gudanarwa ya zo a makare, ko ya zo guntu. To ginin laka ba ya jiran a saki kuɗi. Kowace damina sai ta ci rabonta, balle daminar Jos, kuma in ba a yi yaɓe kafin ruwa ya sauka ba, abin da za a gyara da kaɗan bana sai an sake gina shi baɗi.

Maganin da ake yawan kawowa yanzu shi ne gidajen tarihi su riƙa nema wa kansu kuɗi. A ƙara kuɗin ƙofa, a ba da hayar fili don biki, a jawo 'yan kasuwa. Ban ƙi a sayar da tukwane da abinci a harabar ba, an daɗe ana yi. Abin da na ƙi shi ne a mai da wannan ginshiƙi. Duk wurin da ya dogara da kuɗin ƙofa, dole ya riƙa yi wa mai kuɗi ado, kuma mutumin farko da zai daina zuwa shi ne wanda da ma da ƙyar yake zuwa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta faɗa a 2022 cewa mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da dama. Bayan haka aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, ga wanda ke da albashin ke nan. Magidanci mai 'ya'ya shida da ke tura baro a Taminus, tsakiyar garin Jos, ko tikitin ya yi araha, lissafin kuɗin mota na zuwa da dawowa kaɗai ya isa ya sa ya ce a bari sai wani jiƙon.

Ingila, wadda ta fi mu masu kuɗi nesa ba kusa ba, ta soke kuɗin shiga manyan gidajen tarihinta na ƙasa a watan Disamba na 2001, gwamnati ta ɗauki nauyin giɓin. Masu zuwa sun ƙaru sosai. Amma can ma an lura cewa buɗe ƙofa kaɗai ba ya kawo talaka, domin wanda bai taɓa jin wurin nasa ne ba, ba zai taso ba don an ce kyauta ne. Kawu bai san ma ko nawa ne tikiti ba. Ba wanda ya taɓa gayyatarsa.

Shi ya sa nake ganin kuɗin da ya fi muhimmanci a wannan harka shi ne mafi ƙanƙanta, wato kuɗin mota. Wata malama a wata firamaren gwamnati da ke unguwarmu ta gaya mini cewa sau biyu tana shirya kai 'yan aji shida ziyarar gani da ido, sau biyu tana fasawa. Ta rubuta wa iyaye takarda, ƙasa da rabi suka iya kawo kuɗin, ita kuma ta ce ba za ta ɗauki wasu ta bar wasu suna leƙe ta taga ba. Makarantun kuɗi kuwa da motocinsu suke zuwa, yara sanye da kaya masu guga, kowa da littafin rubutu a hannu. Ban yi musu baƙin ciki ba. Amma harajin da ke biyan albashin mai yi musu bayani, har da na mai sayar da ƙosai a ciki, domin duk katin waya da ta saya akwai haraji a kansa.

Na san abin da wani zai ce: ana fama da yunwa da asibitin da ba magani, wa ke ta tukwane? Maganar tana da nauyi, kuma da zaɓin tsakanin magani ne da gidan tarihi, da na zaɓi magani ban yi shawara da kowa ba. Sai dai ba a nan ake zaɓin ba. A Abuja an fara ginin Hasumiyar Mileniyom da cibiyar al'adu tun 2006, an zuba kuɗi masu yawa, har yau aikin bai kammala ba. Kuɗin al'adu yana fita, sai dai siminti da bukukuwa da tafiye-tafiye ke cinye shi. Abin da nake nema shi ne a karkatar da ɗan kaɗan daga ciki zuwa inda zai taɓa yaro. An cire darasin Tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare na tsawon shekaru kafin a dawo da shi. Malamin da zai koyar da shi yanzu, shi kansa wataƙila bai karanta shi ba. Wuni guda a gaban kayan Nok da tsohon kan jirgin ƙasa zai yi wa ajinsa abin da allo da alli ba za su yi a zango guda ba.

Akwai kuma maganar da ake yi ƙasa-ƙasa a unguwanninmu, cewa gidan gumaka ne. Bai kamata a yi wa masu wannan damuwa dariya ba, a yi musu bayani. Ba wanda ke zuwa can don bauta. Kuma a cikin gidan nan akwai tarin rubuce-rubucen hannu na Larabci da malaman ƙasar nan suka bari, ga kwafin masallaci, ga aikin tukwane na ƙabilu daban-daban. Da za a gayyaci malaman Islamiyya da na tsangaya su gani da idonsu, a buɗe musu takardun nan su karanta, su ne za su dawo da ɗalibansu. Wannan ma aiki ne da ke buƙatar ma'aikaci da kuɗin mai da waya, kuma a kasafi ake rubuta shi.

Abin da ya fi damuna game da Jos shi ne rabuwar da muka yi. Tun rikicin watan Satumba na 2001, da na 2008, da na 2010, garin ya tsage. Akwai yaron da aka haifa a Unguwar Rogo da bai taɓa taka Unguwar Rukuba ba, haka shi ma na can. Makarantu sun rabu, kasuwanni sun rabu, babbar kasuwar Taminus da ke haɗa kowa ta ƙone tun 2002. Wuraren da suka rage da ba a ce na wane ɓangare ne ba, ana iya ƙirga su da yatsun hannu, kuma harabar gidan tarihi na ciki. Labarin kuza da ke ajiye a wurin na kowa ne. Birom da Afizere da Anaguta sun yi asarar ƙasar noma. Hausawa da Kanuri da Ibo da Yarabawa da sauransu sun zo da diga da kwano, wasu da son ransu, wasu kuwa tilasta su aka yi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sanyi da cuta suka kashe da yawa. Idan aka ɗauko aji guda daga nan, aji guda daga can, aka haɗa su a rana ɗaya gaban mai bayani ɗaya, za su ji cewa kakanninsu rami guda suka shiga. Ana kashe kuɗi mai yawa a tarukan zaman lafiya a otal-otal, inda manya ke maimaita wa juna abin da suka sani. Ni dai na fi amincewa da motar makaranta.

Sannan harshe. Bayanin da ke jikin kayan tarihi a ƙasar nan da Turanci ake rubuta shi. A Filato kuwa Hausa ce harshen kasuwa da tasha, da ita ake wa'azi a masallatai da majami'u da yawa. Fassara allunan bayani da horar da matasa masu jagora da Hausa da Birom da sauran harsunan yankin ba zai ci ko kuɗin motar babban jami'i guda ba. Ga cibiyar horar da ma'aikatan gidajen tarihi nan cikin Jos tun shekarun 1960, ba sai an je nesa neman masu koyarwa ba.

Mun yi murna da Jamus ta dawo da wasu kayan tagulla na Benin a ƙarshen 2022, da kuma guda 119 da Holan ta dawo da su a 2025, kayan da sojojin Ingila suka kwasa a 1897. Hujjar da muka kafa wa Turawa ita ce kayan na jama'armu ne, kuma jama'armu na da haƙƙin ganinsu. Hujjar nan tana binmu bashi a cikin gida.

Ga abin da zan so in gani a rubuce, da lambarsa a kasafi, don a iya bin diddiginsa. Gwamnatin tarayya ta ware kuɗin yaɓe na shekara-shekara, a sake shi kafin watan Afrilu, kuma magina na gargajiya su yi aikin tare da matasan da za su koya a hannunsu. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar Filato ta ɗauki nauyin kai kowane ɗan aji shida na makarantar gwamnati sau ɗaya kafin ya fita, a biya wa gidan tarihin kuɗin ƙofarsa kai tsaye don kada shi ma ya yi asara. 'Yan majalisar da ke raba Keke da injin markaɗe da sunan aikin mazaɓa, ɗaya daga cikinsu ya sayi bas guda ya rubuta sunansa a jiki in yana so, ba mu damu ba. A ƙarshen shekara kuma a wallafa sunayen makarantun da suka zo da unguwanninsu.

Da muke fitowa ranar nan, Kawu ya ja ni gefe ya ce in tambayar masa ko suna neman mai yaɓe. Ya ce cikin waɗanda suka koyi aikin tare da shi, su uku suka rage, kuma ɗayansu ba ya gani sosai.